Yadda Ake Shirya Mota Don Ƙetare Hamada: Gyara Kafin Ƙari, Lissafi Kafin Tafiya

Duk mai bibiyar TikTok ko YouTube ya sha cin karo da bidiyon wasu motoci masu manyan tayoyi, da fitilu jere a goshi, da tanti a saman rufi, suna keta rairayi kamar ba gobe. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne ranar da inji ya tsaya a inda babu gari, babu rijiya, babu sabis ɗin waya.

A watan Oktoban 2013 an gano gawarwakin mutum 92 a arewacin Nijar, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Motoci biyun da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. A cikin gari lalacewar mota ɓacin rai ne da asarar kuɗi, a hamada kuwa maganar rai ce.

Wannan darasi zai bi matakan shirya mota mai jan ƙafa huɗu domin doguwar tafiya a inda babu kwalta, tare da nuna inda wayar salula ke da amfani da inda amfaninta ya ƙare. Misalin da za a riƙe shi ne hanyar Agadez zuwa Bilma ta cikin hamadar Tenere, tafiyar kimanin kilomita 600, hanyar da ayarin raƙuman gishiri suka daɗe suna bi.

Wace mota ce ta dace?

Motoci biyu ne suka fi yawa a waɗannan hanyoyi, wato Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser jerin 70, wadda ta fito a 1984 kuma har yau ana ƙera ta. Dalilin yawansu a fili yake: ginin shasinsu mai ƙarfi ne, kayan gyaransu na nan a kasuwannin Kano da Zinder da Agadez, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinsu.

Akwai bambancin da ya kamata a sani tun farko. Tsohon injin Land Cruiser mai suna 1HZ, mai lita 4.2 da silinda shida, wanda ya fito a 1990, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ba ya jiran umarnin kwamfuta. Ba shi da gudu sosai, amma yana da haƙuri da man da bai cika tsabta ba. Sababbin injinan dizal kuwa kwamfuta ce ke sarrafa su, suna tura mai da matsin da ya haura ba 1,500. Sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, sai dai ɗan ruwa ko ƙura a cikin mai na iya kashe nozul ɗinsu. Tsohon inji yana son sifana, sabo yana son sifana da na'urar karanta kwamfuta.

Mataki na farko: a gyara abin da ke akwai

Masu rubuta manhaja sun san cewa ba a ɗora sabon fasali kan manhajar da ke rufe kanta da kanta. Haka mota take. Kuɗin da mutum ya tanada domin manyan tayoyi da fitilu ya fara tafiya kan waɗannan:

- Hanyar sanyaya inji. A wanke lagireto ciki da waje, a sauya tiyon da ya yi laushi ko ya tsattsage, a gwada famfon ruwa da fanka, a sa sabon murfin lagireto. Murfin ba ado ba ne. Yana riƙe matsi na kusan ba 1, wanda ke ɗaga zafin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120.
- Tamosta. Wasu makanikai kan cire ta da sunan maganin zafin inji. Cire ta na sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, kuma yana ɓoye ainihin matsalar da ke lagireto ko fanka. A mayar da ita.
- Bel ɗin taimin. A injin da ke amfani da shi, idan ba a san ranar da aka sauya shi ba, a ɗauka lokacinsa ya wuce. Tsinkewarsa kan sa fistin ya daki bawul, wannan kuwa ba gyaran bakin hanya ba ne.
- Mayuka da matatai. Baƙin mai, man giya, man aksil na gaba da na baya, man birki, matatar iska da ta mai.
- Ƙasan mota. Boris ɗin ƙafafu, robobin sifirin, mahaɗan firofela, da duk inda ke shan giris.

Duk wurin da ke ɗigar mai ko ruwa a cikin gari, girgizar hanya za ta mayar da shi kwarara.

Mataki na biyu: lissafin nauyi

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya yarda ta ɗauka. Ana samun lambar a wani ɗan allo a jikin ƙofar direba ko cikin bonet. Idan aka cire nauyin motar ita kaɗai daga wannan lamba, abin da ya rage shi ne kason mutane da kaya. Duk ƙarfen da aka ƙara wa mota daga cikin wannan kaso yake ci.

A fara da mai. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 kan kwalta tana iya shan 20 a rairayi mai laushi. Kilomita 600 ke nan lita 120. A ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda ɓatan hanya da kafewa, ya zama lita 160. Idan tanki na cin 80, ana buƙatar jarka huɗu masu lita 20.

Ga misalin mota mai kason kilo 900, da matafiya huɗu na kwana biyar:

- Mutum huɗu: kilo 280
- Jarkokin dizal huɗu: kilo 85
- Ruwa, lita 8 ga kowane mutum a rana: kilo 160
- Safaya taya ta biyu: kilo 35
- Bamban ƙarfe da injin jan mota: kilo 80
- Kariyar rufi da tanti: kilo 80
- Batir na biyu da firji: kilo 55
- Kayan aiki da kayan gyara: kilo 40
- Abinci da shimfiɗa: kilo 60

Jimilla kilo 875. Saura 25 kacal, alhali ko jakar tufafin mutum ɗaya ba a saka ba. A nan ne matafiyi zai zaɓa. Ruwa da mai ba sa raguwa, don haka tantin rufi da bamban ƙarfe su ne za su sauka. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima tana karya sifirin, tana dafa taya, tana nutsewa a rairayi, birkinta kuma yana raguwa. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa, tsakanin aksil na gaba da na baya. Nauyi a saman rufi shi ne ke kifar da mota a gefen tudu.

Mataki na uku: taya

Taya ce ƙari mafi amfani. A nemi mai alamar LT, wadda aka yi domin ɗaukar kaya, gefenta na da kauri. A duba shekarunta: a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. Idan an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida ba ta shiga hamada ko da zanenta bai ci ba, domin robar ta riga ta bushe.

Batun manyan tayoyi kuma lissafi ne zai raba gardama. Taya mai lamba 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne. Mai lamba 285/70R17 kuwa kusan 831. Bambancin kashi 7 cikin ɗari ne, amma tashin da mota za ta yi daga ƙasa milimita 27 ne kawai, wato rabin bambancin. Abin da za a biya shi ne raguwar ƙarfin ja, ƙaruwar shan mai, da wahalar da kuloci da boris. Agogon mota ma zai fara ƙarya: yana nuna 100 alhali ana gudun 107, kuma lissafin kilomita ya karkace. Ga kuma tambayar da ta fi kowace: idan ta fashe a Dirkou, za a samu irinta?

Abin da ya fi girman taya tasiri a rairayi shi ne iska. Idan aka rage ta daga kusan psi 35 zuwa tsakanin 15 da 20, tafin taya na ƙara tsawo a ƙasa, mota ta riƙa yawo a saman rairayi maimakon ta haƙa. Sharaɗin shi ne a rage gudu, a guji murɗa sitiyari da ƙarfi don kada taya ta fita daga rim, a kuma mayar da iska da zarar an hau dutse ko kwalta. Saboda haka ma'aunin iska da famfo mai aiki da batirin mota wajibi ne.

Mataki na huɗu: sifirin, iska da mai

Ɗaga mota da kimanin santimita 5 ya wadatar. Manufar sauya sifirin ita ce a samu wanda ya dace da nauyin da aka lissafa, tare da shoka masu jure zafi. A Hilux, wadda ƙafafunta na gaba kowace ke motsi ita kaɗai, ɗagawa fiye da haka na lanƙwasa sandunan da ke juya ƙafafun, robobinsu su yage, ƙura ta shiga.

Bututun iskar nan da ake ɗorawa a gefen gilashi, yawancin mutane na ganinsa na shiga ruwa ne. A hamada aikinsa shi ne ɗebo iska daga sama, nesa da ƙurar da tayoyi ke tayarwa. Duk da haka a riƙa duba matatar iska kowace yamma, a riƙe sabuwa a ajiye.

Ga injin dizal, ƙarin matata mai raba ruwa da mai kafin matatar asali tana cikin ƙari mafi arha kuma mafi daraja. Man da ake saye a durom ko jarka a ƙauyukan hanya ba a san abin da ya kwanta a ƙasansa ba.

Mataki na biyar: wutar lantarki

Batirin tayar da inji ba a taɓa shi da firji ko cajin waya. Ana sa batir na biyu, a haɗa su da na'urar da ke haɗe su idan inji na aiki, ta raba su idan ya tsaya. Idan batir na biyun na lityum ne, ko motar sabuwa ce mai altaneto da kwamfuta ke sarrafawa, cajar DC-DC ake sawa a tsakani.

Lissafin kamar na fawa bank ne. Firjin da ke jan amfiya 4, idan injinsa ya yi aiki awa 12 a rana, ya ci Ah 48. Cajin wayoyi huɗu da 'yan fitilu sun ci kusan 8. Jimilla 56. Batirin ruwa mai Ah 100 rabinsa kawai ake amfani da shi idan ana so ya daɗe, wato 50. Ke nan ba zai kai yini guda a tsaye ba. Farantin sola mai wat 100 na iya mayar da Ah 25 zuwa 30 a rana mai haske, ya cike giɓin.

Kowace wayar da ta fito daga kan batir a sa mata fis kusa da batirin, a kuma sa roba a duk inda ta ratsa ƙarfe. Girgiza na cinye rigar waya, kuma gobara a motar da ke ɗauke da jarkokin mai ba ta ba da lokaci.

Wayar salula a matsayin kayan aiki

A ƙarƙashin sitiyarin yawancin motocin zamani akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2. An wajabta ta a Amurka tun 1996. Ana soka mata wata 'yar na'ura da aka fi sani da ELM327, ita kuma ta haɗu da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi. Manhajoji irin su Torque da Car Scanner na nuna abin da kwamfutar mota ke gani. Mai iPhone ya tabbatar na'urar da zai saya tana aiki da wayarsa, domin ba kowace ke yi ba.

Amfani na farko shi ne karanta lambar matsala idan fitilar inji ta kama. Misali:

- P0087: matsin mai ya yi ƙasa. A fara da matatar mai.
- P0101: ma'aunin iskar da ke shiga inji na ba da lissafin da bai dace ba. Sau da yawa ƙura ce.
- P0335: matsala a layin sensar da ke lura da juyawar kiransha. Inji na iya ƙin tashi.
- P0562: wutar mota ta yi ƙasa. A duba fanbel, altaneto da kawunan batir.

Lamba tana nuna unguwar da matsala take, ba ta nuna gidan. Kafin a zargi sensa, a duba wayarta da soket ɗinta, domin girgiza ta fi sassauta soket fiye da kashe sensa. A ɗauki hoton lambar kafin a goge ta.

Amfani na biyu ya fi na farko: ganin zafin ruwan inji da lambobi. Allurar dashbod a motoci da yawa tana zama a tsakiya ko da zafi na hawa, sai abu ya yi nisa take motsawa. A waya kuwa direba zai ga 88 ta koma 95, ta koma 102, ya sassauta tun kafin gaskit ya ƙone. Haka wutar caji: idan inji na aiki ya kamata ta kasance wajen bolt 13.8 zuwa 14.4 a motoci masu altaneto na gargajiya.

A gwada na'urar a gida, domin wasu motocin da aka ƙera wa kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa ba sa amsa kowace manhaja. Injin 1HZ kuwa ba shi da kwamfutar da za a tambaya. Shi sai a sa masa ma'aunin zafi mai lambobi, a riƙe mitar gwada wuta.

Batun taswira kuma, GPS ba ya buƙatar layi ko data. Waya na karɓar saƙo kai tsaye daga taurarin ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 20,200, kuma huɗu sun isa ta gane inda take. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar, don haka a sauke shi tun a gida ta manhajoji irin su OsmAnd ko Organic Maps. A kunna naɗar hanya tun daga tashi, domin idan an ɓace a iya bin sawu a koma.

Sai dai waya na da rauni. Kamfanin Apple ya ce an tsara iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali dashbod a rana ya fi haka nesa ba kusa ba. Wayar da aka manna a gilashi za ta daina caji, ta dushe, ta kashe kanta. A ajiye ta a inuwa kusa da iskar AC, a riƙe waya ta biyu mai taswira iri ɗaya. GPS kuma yana faɗa wa mutum inda yake ne kawai, ba ya faɗa wa kowa. Kiran agaji sai wayar tauraron ɗan'adam irin ta Thuraya, ko na'urar saƙo mai amfani da Iridium, bayan an tabbatar dokar ƙasar ta yarda a riƙe su.

Gyare-gyaren da dole a iya da hannu

Zafin inji: a kashe AC, a kunna hita har ƙarshe domin ta janye zafi, a tsaya a fuskanci iska. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, ruwan da ke ciki na iya tsiri ya ƙona fuska. Tiyon da ya fashe kusa da baki ana yanke wurin a sake ɗaurewa.

Iska a layin dizal: bayan sauya matata ko ƙarewar mai, a danna ɗan famfon hannu da ke kan matatar har ya yi tauri, sannan a tayar. A sabon inji kada a kuskura a kwance bututun nozul inji na aiki, matsin man na iya huda fata.

Faci: tayar da ba ta da tib ana toshe hujinta da igiyar faci ba tare da an cire ta ba, muddin hujin a tafin taya yake. Yagewar gefe kuwa sai safaya. Jak na buƙatar faffaɗan katako a ƙarƙashinsa, in ba haka ba rairayi zai haɗiye shi.

Kafewa: da zarar tayoyi sun fara juyawa a wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa daga totur. A ƙara rage iska, a share rairayin gaban tayoyi huɗun da shebur, a shimfiɗa faranti, a fita a hankali da ƙaramar giya. Idan wata mota za ta ja, a ɗaura igiya a wurin da aka yi domin ja a jikin shasi. Ƙwallon jan tirela kan tsinke ya tashi kamar harsashi, ya kuma sha kashe mutane. Kowa ya matsa nesa da igiyar.

Kayan ajiya: fanbel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, matatun mai biyu, fis, boris ɗin ƙafa, baƙin mai, man birki, waya, gam mai haɗi biyu, da sifanun da suka dace da notocin motar.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan an gama komai, a yi wa motar cikakken lodi, a auna ta a sikelin manyan motoci, a yi tafiyar gwaji ta kwana biyu a hanyar burji kusa da gida. A sauya taya, a rage iska a mayar, a kwana da firji a kunne. Abin da zai kwance ya kwance a inda akwai bakanike.

Hamada ta ɓatar da ƙwararru. Thierry Sabine, Bafaranshen da ya kafa gasar Paris zuwa Dakar a 1978, sai da ya ɓace a hamada a kan babur a 1977 kafin a ceto shi. Ga kuma matsalar tsaro a arewacin Nijar, wadda ta sa tafiya a yankin ke buƙatar izinin hukuma, jagora ɗan ƙasa, da shiga ayari. Mota ɗaya ba ta shiga ita kaɗai, komai kyawun shirinta. A bar wa wani a gida hanyar da za a bi, ranar isa, da ranar da zai fara neman agaji idan bai ji komai ba. Idan kuma mota ta tsaya gyara ya gagara, a zauna kusa da ita, a yi inuwa, a daina aiki da rana, a tsimi ruwa. Masu nema sun fi saurin hango mota fiye da mutumin da ke tafiya a ƙasa.